Sallamar Kawu Nagoggo

Shafi na 23

Bismillahir Rahmanir Rahim.

To, ga ni. Masu aiko mini da saƙo tun ban wanke ido ba, na ji ku. Wadda ta ce wai na kai Ummusalma Turai na mance da ita a filin jirgi, Allah ya shirye ki. Wuta ce ta yi mana halinta a Kaura, wayata ta yini a shagon mai caji.

Waɗanda yau suka shigo, ku matso kusa. Ummusalma 'yar Kaura Namoda ce. Ita da abokin aikinta Aondona, wanda shi ma a Sabon Garin Kaura aka haife shi, suka rubuta manhaja mai suna Ina Hanya. Direba ya tura murya ya faɗi abin da ya gani a hanya, manhajar ta mayar da maganarsa kala a wayoyin sauran direbobi. Kore, a wuce. Ja, akwai mutanen daji, a dakata. Wannan aikin ne ya sa aka gayyace su babban taron masu rubuta manhaja na duniya a birnin Lisbon. Kuma kun san halin da muke ciki, ba a shelar tafiya irin wannan. Daga mahaifiyarta Inna Ladidi sai ƙanen Inna, Kawu Nagoggo direba, su kaɗai suka san ta bar ƙasa. A unguwa cewa aka yi tana Zariya wajen kwas.

*

Ranar Alhamis ce, ranar da za su hau babban dandamali.

Tun safe Ummusalma ta kasa zama wuri ɗaya. Ta zauna, ta tashi. Ta leƙa zauren da za su yi magana, ta ga kujeru har inda ido ya ƙare, ta fito da sauri. Mutane ko'ina, kowa da kati a wuya da kwamfuta a hammata, kowa yana sauri kamar an ce masa jirgi zai tashi ya bar shi.

Ta shiga layin abinci don dai ta samu abin yi. Aka zuba mata wata shinkafa fara fat, ko ƙanshin albasa babu. Ta samu lungu, ta zaro ƙullin yajin da Inna ta cusa mata a jaka.

Ko cokali ɗaya ba ta kai baki ba wayarta ta yi ƙara.

Saƙon murya ne daga Rahina, 'yar ƙanwar babanta da ke aure a Zurmi.

"Yaya Ummu! Ashe Turai kike anka ce muna Zariya? Wallah ba ki kyauta ba! Na gan ki cikin bidiyo, har da muryar Kawu Nagoggo! Na tura gurup ɗinmu na Zurmi, na tura na 'yan Kaura, kowa sai sambarka yake. An ce an jima za a nuno ku kai tsaye, nan shagon caji har an jera benci!"



Muryar Kawu? A wane bidiyo?

Ummusalma ta danna abin da Rahina ta turo. Ɗan gajeren talla ne da masu taron suka sa a shafinsu. Ga ta nan tana murmushi, ga Aondona, ga taswirar hanyar Shinkafi zuwa Kaura. Sai kiɗa ya yi ƙasa, wata murya da ta sani tun tana goye ta taso, daga wani tsohon saƙo da aka turo wa manhajar.

"Assalamu alaikum warahmatullah. Nagoggo na, mai farar a-kori-kura, na tashar Kaura. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da iyali. To, kar kowa shi bi ta Kwanar Marke yau. Suna nan gindin itace, da idona na gan su. Har da wani dogo mai jan rawani, wannan na san uwatai."

A ƙasan bidiyon an rubuta da Turanci: hanya a rufe take. Shi ke nan abin da suka fassara.

Farantin ya suɓuce mata. Ba ta ko kalle shi ba.

Bari in gaya muku halin Kawu Nagoggo, don ku san abin da ya tsinka mata zuciya. Mutumin nan ko akuya zai kora daga gaban mota sai ya fara da sallama. Sau nawa Ummusalma ta zaunar da shi tana roƙo?

"Kawu, don Allah ka bar faɗin sunanka. Ka faɗi abin da ka gani kawai."

Shi kuma ya ce, "Ni ɓarawo na da zan yi magana ba sallama? Ɗiyata, maganar da ba a san mai ita ba, wa ka yarda da ita?"

Da ta gaji, sai ta koya wa manhajar ta riƙa yanke gaisuwar da sunan, ta ɓoye muryar gaba ɗaya. Direbobi kala kawai suke gani. Muryar kuwa mutum biyu ne a duniya ke iya buɗe ta.

Ita ɗaya. Kun san ɗayan.

Ta same shi a ɗan teburinsu yana yi wa wani Ba'indiye bayani, yana ta washe baki.

"Aondona."

"Ummu, zo ki ji, wannan mutumen cewa ya yi garinsu ma..."

"Taso."

Ya dubi fuskarta. Dariyar ta ɗauke. Ya ba mutumin haƙuri ya biyo ta bayan wani allon talla.

Ta ɗora masa wayar a tafin hannu.

"Mene ne wannan?"

Ya kalla. Da aka zo kan sallamar, ya runtse ido.

"Yesu..."

"Tambayarka nake. Wa ya ba su?"

"Ummu, tsaya in yi miki bayani."

"Wa ya ba su?"

"Ni ne."

"Kai ne."

"Sun ce muryar gwajin da muka ɗauka a ofis ba ta da rai. Sun ce kowa zai gane karantawa ake. Suna son muryar mutum na gaske, a kan hanya ta gaske."

"Sai ka ɗauki Kawuna ka miƙa."

"Na ce su yanke farkon! Na rantse na gaya musu!"

"Su yanke mi? Sun san inda sallama ta ƙare? Sun san Nagoggo suna ne ba sunan mota ba?"



"Na zaci cikin zaure kawai za a sa," ya ce a hankali. "Na duba wurin nan kaf, na ce wa ke jin Hausa a Lisbon?"

"Zurmi na ji. Shinkafi na ji. Daji ma akwai waya, Aondona. Kai da aka haifa a Kaura ni zan gaya ma haka?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri? Ya ce ya san uwar mutumin! Ka ji ko ba ka ji ba? Ya faɗi sunanshi, ya faɗi motarshi, ya faɗi tasharshi!"

Aondona ya dafe kai da hannu biyu. Shi kansa Kawu ne ya koya masa tuƙi, kuma duk Kirsimeti sai Kawu ya kai wa mahaifiyarsa buhun albasa. Tausayinsa ya so ya kama ta, ta hana kanta.

"Yau wace rana?" ta ce.

Ya ɗago. Ya gane.

"Alhamis."

"Kasuwar Shinkafi. Yau Kawu zai bi hanyar nan."

Suka kwasa da gudu zuwa ofishin masu taron. Wata baturiya mai gajeren gashi, wadda ke kula da masu hawa dandamali, ta tare su da fara'a. Ummusalma ta yi mata bayani da Turanci, kalmomin na tuntuɓe a bakinta.

Matar ta ce, "Ayya. Abokinki ya ce a yanke, gaskiya ne. Amma mai haɗa bidiyon ya ce farkon ya fi ko'ina daɗi, kamar waƙa. Shi ya sa ya bari."

Kamar waƙa. Ni kam da ni ce a wurin, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Ummusalma dai ta haɗiye, ta ce, "Sunansa ne. Mutanen da ya tona za su iya kashe shi."

Fuskar matar ta canza. Nan take ta buga waya, kafin su juya an sauke bidiyon. Ta riƙa ba da haƙuri har idonta ya kawo ruwa.

To amma me aka yi? Abin da ya riga ya shiga wayar Rahina ya shiga wayar kowa.

Ummusalma ta fita baranda ta kira Kawu.

Ba ta shiga.

Ta sake. Ba ta shiga.

Ta yi ta kai da komo tana kira, har wani mai gadi ya fara kallonta. Ta kira Inna.

"Salamu alaikum, Inna."

"Wa alaikumus salam. Ke 'yar nan, mi kunka yi? Gidan ga tun hantsi cike yake da mata. Kowa barka, barka, ɗiyarki ta tahi Turai. Ni da nac ce musu Zariya, ina zan sa huskata?"

"Inna, bar wannan. Kawu fa?"

"Nagoggo? Ya tahi Shinkahi tun da sahe, ɗaukar albasa."

"Kin yi magana da shi?"

"Mi za ni ce mai? Ba yau ya fara zuwa ba."

"Ba wanda ya zo nemanshi?"



"An yi wani."

Ummusalma ta kama ƙarfen baranda.

"Wa?"

"Ban san shi ba. Daga zaure ya tsaya. Ya ce shi abokin Nagoggo na, saƙo zai ba shi, ko ya tahi kasuwa."

"Kika ce mi?"

"Nac ce ya tahi."

"Inna!"

"Ke, kar ki yi man tsawa. Mutum ya yi sallama, ya gaishe ni, ya tambayi lahiyar gida, har ke ya tambaya. In ce mai mi? In yi mai ƙarya?"

"Har ni ya tambaya?"

"Ya ce, yaya mai Turai."

Ummusalma ta saki ƙarfen. Ta zauna a ƙasa, kan tayil mai sanyi, mutane na ratsa ta gefenta.

"'Yar nan, lahiya? Mi ya faru?"

Ta so ta faɗa mata, ta fasa. Inna na da hawan jini, kuma Nagoggo shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu.

"Ba komai, Inna. Ki yi mishi addu'a kawai."

"Kullum cikin yi nike. Ke muryarki ba ta yi man daɗi ba."

"Gajiya ce."

Ta kashe kafin kuka ya tona ta.

Aondona na tsaye a kanta. "Kira Alamin," ya ce. "In bai tashi ba, a riƙe shi a tasha."

Alamin shi ne ɗan kamasho a tashar Shinkafi. Bugu ɗaya ya ɗauka, hayaniyar kasuwa da kukan awaki na tashi a bayansa.

"A'a! Hajiyar Turai! Yanzu muka gama kallonki!"

"Malam Alamin, ina wuni. Kawu Nagoggo na nan?"

"Ya ɗaga. Yana sallame azahar ya tada mota."

"Shi kaɗai?"

"Kamar kullum. Ai kin san tsarin. Shi ka yin gaba, in ya wuce Kwanar Marke ya hau tudu inda sabis ke kamawa, ya turo. Mu ga kore, mu saki motoci. Ga su nan jere, mata da yara duk sun shiga, kalar shi kawai muke jira."

Ta so ta ce masa kome ya gani kar ya saki mota. Sai ta tuna tasha ce. A tasha ba ka san kunnen wa ke kusa da wayar ba, kuma infoma ba ya rubuta sunansa a goshi.

"To. Na gode."

"Ki gaishe muna da turawa!"

Ta sauke wayar.

"Ya tafi," ta ce.

Aondona ya jingina da bango. "Ƙila ba su gani ba. Ƙila mutumin da ya je gida abokinshi ne da gaske."

"Ƙila."

"Ummu, in wani abu ya same shi..."

"Kar ka ƙarasa."

Baturiyar nan ta leƙo. Ta ce lokacinsu ya yi, amma in ba za su iya ba, kowa zai fahimta.

"Ba za mu hau ba," in ji Aondona.

Ummusalma ta share fuska da gefen hijabi. "Ina kwamfutarmu?"

"Tana kan dandamali. Tun safe suka jona ta da babban allo."

"Saƙon Kawu ta ina zai fara shigowa?"

Ya dube ta.

"Ta cikinta."

"To can za ni. Ba don su ba. In ya hau tudun nan ina so in ji shi da kunnena." Ta miƙe. "Ka kashe muryar daga lasifika. Ko tari ya yi, kar zauren nan ya ji. Ni kaɗai, ta abin kunne."

"Na ji."

"Kuma ba sunan kowa. Ba sunan gari. Turanci kawai."

"Na ji, Ummu."

A bayan labule matar ta maƙala mata ɗan makirfo a bakin hijabi. Ta ce da zarar ta taka dandamali a kunne yake, kuma ana watsawa duniya kai tsaye. Ummusalma ta gyaɗa kai. Rabin maganar ma ba ta ji ba, hankalinta na kan wata farar mota mai fashasshen gilashi.

Aka kira sunansu. Tafi ya tashi.

Fitilu suka haske mata ido, ba ta ganin fuskar kowa. Ta fara magana. Bakinta na faɗin abin da ta haddace, yadda manhajar ke aiki ko sabis ya yi rauni, yadda take gane Hausar ƙauye da ta birni. Idonta kuwa na kan kwamfuta. A babban allo ga taswira, ga hanyar nan ta miƙe, ba kore ba ja, tana jiran mai magana.

A ranta tana bin motar. Yanzu ya wuce gonakin gero. Yanzu ya rage gudu saboda ramin nan. Yanzu ya kusa kwanar.

Ya Allah, ka hau da shi tudun nan.

Ta yi shiru a tsakiyar jimla ba ta sani ba. Aondona ya karɓa ya ci gaba. Ta sake karɓa. Wani ya yi tambaya daga cikin duhu, ta amsa, ba ta san me ta ce ba.

Sai kwamfutar ta yi ƙyas.

Saƙo ya shigo. Lambar Kawu.

Ta danna abin kunnen da yatsa har ya yi mata zafi.

Muryarsa ce. Babu ƙarar inji a bayanta. Babu rediyon da ba ya rabuwa da shi.

"Hanya lahiya lau. Kowa shi taho."

Ɗif. Ya ƙare.

Ta jira saura. Babu saura.

A babban allo hanyar ta rikiɗe ta zama kore shar, tun daga Shinkafi har Kaura. Zauren ya ɗauki tafi, wasu har da miƙewa tsaye. Sun ga abu ya yi aiki a gaban idonsu daga wata duniya.

Ita kuwa ba ta yi tafi ba. Mutumin da ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Mutumin da ta yi shekara tana roƙo ya bar gaisuwa da faɗin suna ya ƙi. Yau ya bari, kuma ya san ita kaɗai za ta lura. Wani na tsaye a kansa, dole aka sa shi ya faɗi haka.

Koren nan yanzu yana cikin wayar Alamin. Yana cikin wayar kowane direba a tashar Shinkafi. In ta bar shi, motoci za su taso da mata da yara. In ta mayar da shi ja, masu tsaye a kan Kawu su ma suna da waya, za su san ya yi musu wayo.

Yatsanta na kan madanni, ya ƙi motsi.

Aondona ya matso, fuskarsa cike da murna, hawaye na bin kumatunsa. Ya rufe makirfonsa da hannu ya raɗa mata.

"Ya wuce, Ummu! Yana lafiya! Mun gode Allah!"

Ta juyo ta dube shi. Ta mance da fitilu. Ta mance da bencin da aka jera a shagon caji na Zurmi, da duk wanda ke riƙe da waya a gindin itace. Ta mance da ɗan abin da ke maƙale a bakin hijabinta.

"Aondona," ta ce da Hausa, "an kama shi. Bai yi sallama ba."

Sai ta ji muryarta ta dawo mata daga kowace lasifika a zauren.